Waƙa ɗaya, masu ita biyar: fashin baƙi kan "Up Where We Belong" da rigimar da ta taso mata

Tun da hukumomin Kanada suka shiga karɓe lambobin yabon da suka taɓa bai wa mawaƙiya Buffy Sainte-Marie a farkon 2025, bayan taƙaddamar da ta taso kan asalinta, tambaya ɗaya take ta yawo a bakin masu bin labaran waƙa da finafinai: to ina batun kyautar Oscar da ta ci a 1983? Wasu na cewa ita ma a karɓe. Wasu kuwa mamaki ne ya kama su, don a iya saninsu waƙar da ta ci kyautar, wato "Up Where We Belong", ta Joe Cocker da Jennifer Warnes ce. Muryoyinsu ake ji, sunayensu ne a jikin faifai. Me ya kawo wata Buffy cikin zancen?

Ruɗanin ya samo asali ne daga ɗaukar da muke yi cewa wanda ya rera waƙa shi ne mai ita. A harkar waƙar Amurka ba haka lissafin yake ba, kuma tarihin wannan waƙa yana nuna hakan filla-filla, tun daga yadda aka haɗa ta har zuwa yadda aka raba ladanta.

Wane irin kiɗa ne wannan?

Turawa na kiran salon da suna soft rock, ma'ana rok mai taushi. Asalin rok kiɗa ne na hayaniya, jita mai ƙara da ganga mai duka, na matasa masu jini a jika. Daga ƙarshen shekarun 1960 sai wasu mawaƙa suka riƙe kayan kiɗan amma suka rage musu zafi. Fiyano ya dawo gaba, ganga ta koma baya, aka bar wa murya da kalmomin soyayya fili. Ƙungiyoyi irin su Carpenters da Bread da Air Supply su ne suka shahara da shi. Gidajen rediyon Amurka sun so shi ƙwarai, saboda kiɗa ne da za a saka a ofis ko a mota ko a kanti ba wanda zai ce a rage, kuma masu saurarensa manya ne masu albashi, irin mutanen da masu talla ke nema.

Idan aka ɗora wannan salo a kan fim, aka kuma sa mace da namiji suna karɓa-karɓa, an samu abin da ya mamaye shekarun 1980. Mai kallon finafinan Indiya ko na Kannywood ba baƙo ba ne ga waƙar mace da namiji a fim. Sai dai akwai bambanci. A can da nan jarumi da jaruma ne ke motsa baki suna rawa, muryar kuma ta wani ce, kamar yadda Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi suka yi shekaru suna ara wa jarumai murya. A fim ɗin Amurka irin wannan ba wanda ke motsa baki. Waƙar tana tashi ne a bayan fage ko a lokacin da sunaye ke hawa a ƙarshe, aikinta kuma biyu ne: ta riƙe zuciyar mai kallo har ya fita daga silima, sannan ta je rediyo ta yi wa fim ɗin talla kyauta.

Fim ɗin da aka yi shakkar ƙarshensa

Sunan fim ɗin "An Officer and a Gentleman", kamfanin Paramount ya fitar da shi a watan Yulin 1982, Taylor Hackford ne darakta. Labarin wani saurayi ne mai suna Zack Mayo, wanda ya tashi ba uwa, uban kuma mashayi, ya shiga makarantar horar da hafsoshin sojan ruwa da burin zama matuƙin jirgin yaƙi. Richard Gere ne ya fito a matsayinsa. Debra Winger ta fito a matsayin Paula, 'yar talakawa mai aiki a masana'antar takarda da ke kusa da barikin. Louis Gossett Jr. kuma shi ne sajen da ke gasa wa ɗalibai aya a hannu, rawar da ta sa ya zama baƙar fata na farko da ya ci Oscar a rukunin mataimakin jarumi. Rundunar sojan ruwan Amurka ta ƙi ba da haɗin kai, don haka aka ɗauki yawancin fim ɗin a garin Port Townsend na jihar Washington.

Matsalar tana ƙarshe. A rubuce, Zack zai gama makaranta, ya sa fararen kayan hafsa, ya shiga masana'antar ana tsakar aiki, ya sungumi Paula ya fita da ita, ma'aikata na tafi. Gere da kansa ya sha faɗa daga baya cewa bai yarda wannan fage zai yi aiki ba, gani yake zaƙin ya yi yawa ga fim ɗin da tun farkonsa zagi ne da wahala da mutuwa. Kuma yana da hujja. Ka cire sauti ka kalli fagen, abin da za ka gani shi ne mutum ya ɗauki mace a gaban injuna. Kiɗan da aka shimfiɗa a ƙarƙashinsa ne ya sa mai kallo ya yarda cewa waɗannan biyun sun tsira daga wani abu.

Yadda aka ɗinka waƙar

Na ce ɗinki, kuma da gangan na faɗa, don ba zama ɗaya aka yi aka rubuta ta ba.

Wanda aka bai wa aikin kiɗan fim ɗin shi ne Jack Nitzsche, tsohon hannu wanda ya yi wa furodusan waƙa Phil Spector tsara kiɗa a shekarun 1960, ya yi aiki da Rolling Stones da Neil Young. A lokacin yana tare da Buffy Sainte-Marie, a 1982 ɗin ma suka yi aure. Nitzsche ya rasa karin da zai zama ƙashin bayan fim ɗin, sai Buffy ta kaɗa masa wani kari da take ta juyawa a ranta, bai riga ya zama waƙa ba. Ya ɗauka ya gina kiɗan fim a kansa. Har zuwa nan babu kalma ko ɗaya, kiɗa ne zalla.

Da aka yanke shawarar cewa ana son waƙa mai baitoci a ƙarshe, sai aka kira Will Jennings, mutumin Texas wanda ya koyar da Turanci a kwaleji kafin ya koma rubuta waƙa. An nuna masa fim ɗin tun ba a gama tace shi ba. Ya saurari kiɗan Nitzsche, ya tsinci guntun da zai zama amshi a wani wuri, wanda zai zama baiti a wani wurin, ya haɗe su, ya ɗora kalmomi. Abin da ya rubuta bai ambaci soja ko jirgi ko masana'anta ba. Zancen mutum biyu ne da hanya ta yi wa tsawo, duwatsu sun tare su, suna fatan ƙauna ta ɗaga su zuwa inda gaggafa ke kuka a kan tsauni. A ganina wannan ce dabarar da ta raya waƙar. Da ya ɗaure ta da labarin fim, da ta tsufa tare da shi. Da ya bar ta a buɗe, sai ta shiga bukukuwan aure, ta shiga har coci: a 1984 BeBe da CeCe Winans suka rera ta a matsayin waƙar bishara, suka sa sunan Ubangiji a gurbin kalmar ƙauna.

Mutum uku ke nan, kuma har yanzu ba a zo kan waɗanda duniya ta sani da waƙar ba.

Zuma da tsakuwa

Jennifer Warnes ba baƙuwa ba ce a waƙar fim. Ita ta rera "It Goes Like It Goes" ta fim ɗin "Norma Rae" na 1979, wadda ta ci Oscar. Muryarta garau take, ba ƙura ba gargada, har aka ji tsoron ta yi wa wannan fim laushi. Mafita ita ce a haɗa ta da namiji, kuma ita ce ta kawo sunan Joe Cocker, bayan ta ga yadda ya rera waƙa tare da ƙungiyar Crusaders a bikin kyaututtukan waƙa na Grammy na farkon 1982.

A wancan lokaci zaɓen Cocker kasada ce. Ɗan garin Sheffield ne a Ingila, an haife shi a 1944, ya yi aikin haɗa bututun gas kafin waƙa ta karɓe shi. Ya girgiza duniya a taron Woodstock na 1969 da wata murya mai kama da ana jan buhun tsakuwa a kan kwalta, yana karkarwa yana murɗa hannuwa kamar mai bori. Amma shekarun 1970 sun zo masa da giya da ƙwaya da bashi. Rabonsa da babbar waƙa a Amurka tun "You Are So Beautiful" a 1975. A 1982 yana ƙoƙarin miƙewa ne a kamfanin Island na Chris Blackwell, inda ya fitar da faifan "Sheffield Steel". Wannan ne ma ya sa waƙar fim ɗin Paramount ta fito a ƙarƙashin Island, Stewart Levine kuma ya zama furodusanta.

Duk wanda ya saurari waƙar da kunnen basira zai ji abin da Warnes ta hango. Ita ke buɗewa, a hankali, fiyano kaɗai ke rakiyarta. Sai shi ya shigo kamar wanda ya kwana a hanya. Da muryoyi biyu masu santsi aka haɗa, da alkawarin da ke cikin amshin ya zama zancen yara. Da yake ɗaya daga cikinsu ka ji ka san ya sha wuya, sai maganar hawa tudu ta zama gaskiya a bakinsa. Kuma haɗin ya yi daidai da mutanen fim ɗin, yarinya mai haƙuri da saurayin da rayuwa ta taurara.

Manyan da suka ce ba za ta kai labari ba

Don Simpson, babban jami'in shirya finafinai na Paramount a lokacin, bai so waƙar ba, ya ce ba za ta yi kasuwa ba, ya nemi a cire ta. Lokaci ne ya ƙure, ranar fitar fim ta matso, aka bar ta. Gidajen rediyo ma da farko sun yi mata sanyin jiki.

Fim ɗin ne ya ja ta. Jama'a suka cika silima, har ya zama na uku a samun kuɗi cikin finafinan 1982 a Amurka, bayan "E.T." da "Tootsie", da abin da ya kusa dala miliyan 130. Masu fitowa daga kallo suka dinga neman waƙar. Ranar 6 ga Nuwamban 1982 ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard Hot 100 na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, ta yi mako uku a wurin. A Birtaniya ta kai ta bakwai. Ita ce kaɗai waƙar Cocker da ta taɓa zama ta ɗaya a Amurka.

Abin dariyar shi ne Simpson ɗin nan, da ya bar kujerarsa ya koma furodusa tare da Jerry Bruckheimer, da waƙoƙi ya gina sunansa: "Flashdance" a 1983, "Top Gun" a 1986, kowanne da waƙar da ta ci Oscar. Zamanin ne ya juya. Tashar MTV ta fara aiki a watan Agustan 1981, bidiyon waƙa mai ɗauke da guntayen fim ya zama tallan da ba a biya. Daga finafinan 1981 zuwa na 1987, waƙoƙi bakwai a jere da suka ci Oscar duk sun taɓa zama na ɗaya a Billboard.

Wa ya ci me?

Nan ne amsar tambayar farko take. A watan Fabrairun 1983 Cocker da Warnes suka karɓi Grammy ta rukunin waƙar mutum biyu ko ƙungiya. Wannan kyauta ce ta rerawa. Ranar 11 ga Afrilun 1983 kuma waƙar ta ci Oscar, ta doke har "Eye of the Tiger" ta fim ɗin "Rocky III". Amma Oscar ta waƙa ba a bai wa mai rerawa, marubuta ake bai wa. Don haka Nitzsche da Buffy da Jennings ne masu ita. Su ne kuma suka ci Golden Globe da BAFTA ta Birtaniya.

Warnes ita ce babbar shaidar wannan ƙa'ida. A 1987 ta haɗu da mawaƙi Bill Medley a waƙar fim ɗin "Dirty Dancing", ta sake hawa ta ɗaya, waƙar ta sake cin Oscar. Waƙoƙi uku ke nan da muryarta ta kai ga kyautar, ita kuwa ba ta da ko ɗaya a ɗakinta. Jennings, wanda da wuya ka samu mai gane fuskarsa a titi, biyu gare shi, don shi ya rubuta baitocin waƙar fim ɗin "Titanic" da Celine Dion ta rera a 1997.

Haka kuɗin ma yake rabuwa. A doka, abu biyu ne a cikin kowace waƙa. Akwai ita waƙar, kari da kalmomi, mallakar marubuta da kamfanin da ke kula musu da haƙƙi. Akwai kuma naɗin da aka yi a sutudiyo, wanda yawanci na kamfanin faifai ne, mai rerawa yana samun kaso bisa yarjejeniyar da ya sa wa hannu. Idan wani ya sake rera waƙar, kamar yadda 'yan gidan Winans suka yi, marubuta za su samu, Cocker da Warnes ba su da ko sisi. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: gidajen rediyon AM da FM na Amurka marubuta kawai suke biya ta hannun ƙungiyoyi irin su ASCAP da BMI, ba sa biyan mai rerawa. Wato duk saka waƙar da aka yi a rediyon Amurka cikin shekara arba'in da 'yan kai, aljihun masu alƙalami ya shiga.

Rigimar Buffy: me kowane ɓangare ke cewa?

Shekara kusan sittin duniya ta san Buffy Sainte-Marie a matsayin 'yar ƙabilar Cree, ɗaya daga cikin al'ummomin asali na Arewacin Amurka, waɗanda masu kallon finafinan kaboyi a wurinmu suka saba kira Indiyawan daji, sunan da bai dace da su ba. Tarihin da aka riƙa bugawa shi ne an haife ta a yankin Piapot na lardin Saskatchewan a Kanada, wasu ma'aurata a Amurka suka ɗauke ta riƙo tana jaririya. Da wannan ne aka riƙa kiran ta 'yar asalin ƙasa ta farko da ta ci Oscar.

A watan Oktoban 2023 shirin bincike na "The Fifth Estate" na gidan talabijin ɗin CBC na Kanada ya fito da takardar haihuwa da ke nuna an haife ta a 1941 a garin Stoneham na jihar Massachusetts, kuma mutanen da ake cewa marikanta ne, masu tushen Turai, su ne aka rubuta a matsayin iyayenta. A watan Janairun 2025 aka soke lambar girmamawa ta Order of Canada da take riƙe da ita. A watan Maris masu kyaututtukan waƙa na Juno da Polaris suka janye nasu, hujjarsu kuwa ita ce ta tabbatar da cewa ita 'yar ƙasar Amurka ce, kyaututtukan kuma na 'yan Kanada ne.

Masu sukarta, ciki har da 'yan asalin ƙasa da dama, na cewa ta ci kyaututtukan da aka ware wa mutanensu, ta zauna a kujerar da ta kamata wani ya zauna, ta kuma ari raɗaɗin al'ummar da aka daɗe ana ƙwace wa 'ya'ya. Ita kuma ta ce ba ta taɓa samun tabbacin inda aka haife ta ba, abin da aka gaya mata tana ƙarama ta riƙe. Iyalan Piapot, waɗanda suka ɗauke ta 'ya bisa al'adar Cree bayan ta girma, sun tsaya mata, suka ce a wurinsu wanda aka shigar cikin dangi ya zama dangi, takardar gwamnati ba ta warware wannan. Masu kare ta na ƙara da cewa ta shafe rayuwarta tana fafutukar haƙƙin waɗannan al'ummomi tun lokacin da yin hakan ke jawo wa mawaƙi asara.

Hujjar iyalan Piapot tana da nauyi, kuma Bahaushe ya san darajar riƙo. Amma riƙo daban, haihuwa daban, kuma abin da aka yi shekaru ana faɗa wa duniya haihuwa ce. A nan nake ganin masu sukar sun fi ƙarfi.

Sai dai duk wannan bai taɓa tushen Oscar ɗin ba. Ba rukunin 'yan asalin ƙasa ba ne, ba kuma sai ɗan wata ƙasa ke shiga ba. An ba da ita ne don karin waƙa, kuma binciken CBC bai ce ba ita ta kawo karin ba. Abin da ya girgiza shi ne laƙabin "ta farko" da aka liƙa wa nasarar daga waje, wanda littattafai da gidajen tarihi za su sake dubawa.

Ina ruwan mai saurare?

Da sauƙi mutum ya ci karo da wannan rabon gado ba tare da ya sani ba. Ka ɗora bidiyon biki a YouTube ko Facebook da wannan waƙa a ƙarƙashi, sai ka ga an kashe sautin ko an ce kuɗin tallan bidiyon na wani kamfani ne: mai naɗin ne ya kama ka. Ka ce to bari ƙanenka mai fiyano ya rera da bakinsa, sai wata sanarwar ta zo, wannan karon daga masu kula da haƙƙin marubuta. Wanda kuma yake tunanin ƙaurace wa waƙar don fushi da Buffy, ya san cewa hukuncinsa zai faɗa har kan magadan Jennings da Nitzsche da Cocker, da ita Warnes, waɗanda ba ruwansu da zancen Stoneham.

Ga matasanmu masu shiga sutudiyo a Kano ko Kaduna ko Jos su yi waƙar fim a biya su kuɗin aiki a tashi, tambayar da wannan tarihi ke ajiye musu ita ce ta takarda: wa aka rubuta a matsayin mai kari, wa aka rubuta a matsayin mai baiti, naɗin kuma na waye? Buffy ba ta rera ko layi ɗaya a faifan 1982 ba, guntun kari ta bayar a cikin gida, amma da yake an sa sunanta, ta samu kason da ya bi ta har tsufa, a 1996 ma ta fitar da nata faifan da sunan waƙar.

Cikin mutum biyar ɗin, Nitzsche ya mutu a 2000, Cocker a watan Disamban 2014 a jihar Colorado bayan fama da kansar huhu, Jennings kuma a watan Satumban 2024 yana da shekara 80. Buffy ta sanar da daina hawa dandamali a watan Agustan 2023 saboda rashin lafiya, wata biyu kafin rahoton CBC ya fito.